Maigidana Yana Tsakiyar Teku, Mahaifinsa Yana Zaton Gulbi Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida mai albarka. Admin sannu da ƙoƙari, don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, saboda akwai 'yan unguwarmu da dangin mijina a cikin gurup ɗin nan, wanda kuma ya karanta ya gane ni to ya rufa min asiri, Allah ya rufa masa nasa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, abin da zan yanke kuma bai wuce cikin makon nan ba.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, muna zaune a Nasarawa, yaranmu biyu. Maigidana ɗan Argungu ne, gidansu gidan Sarkawa ne, wato masunta tun kaka da kakanni, shi ne kuma ɗan fari a wajen iyayensa. Mutum ne da ya iya iyo kafin ya iya karatu, tun yana ƙarami yake hawa gora ya bi babansa cikin gulbi da homa, wato ragar kamun kifi, a hannu. Amma shi ya yi boko, ya karanta harkar inji a foli, wato kwalejin fasaha, ya gama ya yi ta yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, bai samu ba. Sai ya koma gyaran injin ban ruwa, kullum yana kan babur zuwa fadamar Ambursa wajen manoman shinkafa. Muna cin abinci dai, ba zan yi wa Allah butulci ba, amma aikin na lokaci ne, in rani ya wuce sai zaman jira.

Ana nan sai wani abokin karatunsa da ke Legas ya kira shi, ya ce akwai manyan jiragen kamun kifi na teku da ke neman wanda ya san inji kuma ba ya tsoron ruwa. Wallahi kamar an auna shi aka yanka aikin. Ni tun ranar hankalina bai kwanta ba, na ce masa ni ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin, kuma abin da na gani bai yi min kama da wurin da mai iyali zai je ya zauna ba. Ya yi ta min dariya, wai 'yar birni ce ni, ko kwatami na gani sai na yi salati. Mun yi ta jayayya kwana da kwanaki, ni da baki shi da dariya, daga ƙarshe na gaji na ce Allah ya sa alheri.

Da muka je Argungu sallama, a nan aka ɗaura abin da ya zame min ƙarfen ƙafa yau. Kun san al'adarmu ta ɗan fari, Baba, wato mahaifinsa, ba ya kiran sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye in da mutane. To ranar a ƙofar gida, abokan sana'arsa duk suna zaune ana ɗinkin taru, sai Baba ya kalli wani ƙaninsa ya ce, "A hwaɗa ma wancan yaro, gidanga ba a taɓa yin wanda ruwa yak koro ba. Tunda ya ce shina zuwa, shi tahi, amma shi cika wa'adi kahin shi dawo min." Maigidana yana durƙushe kansa a ƙasa ya ce in sha Allahu. Kowa ya sa albarka, ni ma na shafa, ban san nauyin maganar ba sai yanzu.

Watannin farko lafiya lau. Yana turo hotuna, ga shi cikin kayan aiki masu launin ruwan lemo, ga kifaye waɗanda ko sunansu ba mu sani ba, ni kuma in na je Argungu in nuna wa Baba a waya, ya yi kamar ba ya kallo alhali yana kallo ta gefen ido. Daga baya sai jirgin ya yi nisa, sai a yi makonni ba labari, don ba su samun netwok sai in sun matso kusa da ƙasa. In sun samu sai saƙonnin murya su shigo min gaba ɗaya a jere, waɗanda ya yi ta ɗauka yana ajiyewa. A cikinsu ne na fara jin wani mutum daban da wanda na raka tasha.

Ashe jirgin ba ya dawowa tashar jiragen ruwa ko kaɗan. In sun cika sai wani jirgin ya zo can tsakiyar ruwa ya kwashe kifin, ya sauke musu mai da abinci ya juya, su kuma su ci gaba. Barci ba shi da lokaci, duk sa'ar da taru ya cika za a buga ƙararrawa kowa ya fito, ko yanzu ka kwanta, ya ce har ya daina cire takalmin roba in zai kishingiɗa. An ɗauke shi don inji, amma in ya fito daga ɗakin inji sai a tura shi jan taru, in an gama a tura shi firiza jera kifi, daga zafi zuwa sanyi daga sanyi zuwa zafi. Ruwan sha aunawa ake yi, wanka da alwala da ruwan gishiri ne, ƙafafunsa duk sun tsage. Ya ce yana tada kabbara yana fuskantar gabas, kafin ya sallame jirgi ya juya bai san ina ya kalla ba. Juma'a kuwa ya manta rabonsa da ita. Babu mai jin Hausa ko ɗaya a jirgin, ya ce wani lokaci in kewa ta ishe shi injin yake yi wa hira, ya faɗa yana dariya, ni kuma na zauna a bakin gado na yi ta kuka. Fasfo ɗinsu da takardunsu na aikin ruwa duk suna hannun kyaftin tun ranar da suka hau.

Akwai maganar da ya yi wadda har yau take min yawo a kai. Ya ce, "Maman yara, gulbinmu ko ya kai ina da cika, in ka ɗaga kai kana ganin gaɓa, kana ganin hayaƙin wani gari. Nan ko ba gaɓa. Na iya iyo, to in yi iyo in tahi ina?" Wannan fa mutumin da yake min dariya ne don ina tsoron kwatami.

Da wa'adin da aka yi da shi ya cika na fara gyaran ɗaki, har labule na canja. Sai ga saƙo wai ba a samu wanda zai canje shi ba, an kawo musu takarda can cikin ruwa an ce kowa ya sa hannu a ƙarin wa'adi, wanda ya ƙi kuma ba jirgin da zai mai da shi. Ku gaya min, mutumin da ke tsakiyar teku aka miƙa masa biro, zaɓi gare shi? Ya sa hannu. Ya ce in an tambaye ni a gida in ce ƙwazonsa aka gani aka ƙara masa lokaci, haka na faɗa, Baba kuwa ya ɗauki maganar ya kai majalisa, yanzu duk bakin gulbi an san cewa Turawan jirgi sun ƙi sakin ɗan gidan saboda iya aiki. Ban ma san ko Turawa ne ba, Baba dai haka yake faɗa.

To abin da ya sa na rubuto shi ne hannunsa. Wajen jan taru akwai igiyar ƙarfe da inji ke naɗewa, ita ta kama masa hannun dama, ta yage tafin ta murƙushe yatsu biyu. Babu likita a jirgin, babu nas, akwatin maganin kyaftin farasitamol ne da bandeji da wani jan ruwa na wanke ciwo. Aka naɗe masa, ya huta kwana biyu aka ce ya koma aiki don ba wanda zai riƙe injin. Da farko ce min ya yi ɗan ƙwarzane ne. Sai da na matsa, na yi fushi, na ce in bai turo hoto ba kada ya ƙara kirana, sannan ya turo. 'Yan uwa, na ga hannu ya kumbura har gwiwa, yatsun sun yi baƙi, ban iya cin abinci ba ranar. Ban gama dawowa hayyacina ba sai ga wani saƙon, ya ce ya haɗa ni da Allah da Annabi kada Baba da Inna, wato mahaifiyarsa, su ji, in na faɗa bai yafe ba. Cikin ruɗewa da son ya kwantar da hankalinsa na ce na yi alkawari, har da rantsuwa.

Bayan haka wata baƙuwar lamba ta turo min saƙo cikin Turancin buroka. Kukun jirgin ne, wani dattijo mutumin kudu, ya ce a wayar maigidana ya ɗauki lambata ba da saninsa ba. Ya ce madam, mijinki yana zazzaɓi, hannun ya fara wari, shi ya daɗe a ruwa ya ga irin wannan kuma bai ga ya ƙare da kyau ba. Ya ce injin jirgin ya samu matsalar da dole su matso tashar Legas a gyara, amma ba a barin ma'aikata su sauka, a nesa ake tsayawa a kawo masu gyara da ƙaramin jirgi. Hanya ɗaya ita ce wani daga gida ya je ofishin ejan ɗin da ya ɗauke su aiki ya tsaya da ƙafarsa ya ce a sauke masa ɗan uwansa a kai shi asibiti, in ejan ya ƙi a kai ƙara wajen hukumar tasha, ya ce in aka yi haka suna jin tsoro su saki mutum. In kuma aka gama gyara suka koma, sai dai wani ikon Allah.

Na kira ejan ɗin a ranar. Sai da na kira ya fi a ƙirga kafin ya ɗauka, da na yi bayani ya ce shi bai san da ni ba, wanda ma'aikaci ya rubuta a matsayin makusancinsa shi kaɗai suke saurara, kuma sunan mahaifinsa ne a wurin. Na ce ni matarsa ce, uwar 'ya'yansa, ya ce ko ke ce wa, a kawo baban ko baban ya kira da bakinsa, ya kashe waya. Na san dalilin da ya sa maigidana ya yi haka, a wajenmu ina za ka rubuta sunan mata ka bar na uba, ai abin kunya ne. To ga inda kunyar ta kai mu, mutum ɗaya da zai iya sauke shi daga jirgin nan shi ne mutumin da aka rantsar da ni kada ya ji.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi Argungu da niyyar in ɗan buɗe maganar kaɗan ba tare da na karya rantsuwa gaba ɗaya ba. Na samu Baba a zaure yana gyaran homa, na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa zancen yara, sannan na ce Baba, Baban yara ya ɗan ji ciwo a hannu wajen aiki. Wallahi dariya ya yi. Ya miƙo min hannayensa biyu yana nuna min tabo ɗaya bayan ɗaya, wannan ƙayar ƙurungu ce, wannan ƙugiya, wannan giwan ruwa ne ya ja shi da igiya. Ya ce, "Ɗiyata, masunci da ba shi da tabo ai bai hwara sana'a ba." Ya tashi ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ƙullin garin magani da wani mai a 'yar kwalba, ya ce in kai tasha in ba direban motar Ikko, wato Legas. Sannan ya tambaye ni, "Wane gari sukan kwana in sun hito da marece? Ki hwaɗa ma direba shi kai mashi can, shi gasa hannun da ruwan zahi shi shahwa, kwana ukku ya warke."

Jama'a, a nan na gane inda matsalar take. Baba bai taɓa wuce Yawuri ba. A ransa ɗansa yana fita da safe ne ya dawo da yamma ya ɗaure jirgi a gindin bishiya, ya hau tudu ya yi sallah cikin mutane, ya sayi fura. Duk alfaharin da yake yi, a kan wannan hoton yake yinsa. Na buɗe baki in ce Baba ba su kwana a gari, rabonsa da taka ƙasa tun ranar da ya hau, sai na tuna rantsuwar, na karɓi ƙullin da hannu biyu na ce an gode.

Inna ce ta ƙarasa ni. Ita ma ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa tambayata shi kai tsaye ba tun da aka yi aurenmu, ga hawan jini yana damunta. Da zan tafi ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta saba ba, ta damƙa min ƙullin yaji da kuka wai a haɗa da saƙon, sannan ta riƙe min wuyan hannu tana kallon wani wajen ta ce, "Mutanen ruwa dai suna lahiya ko?" Na ce lafiya lau Inna. Ba ta sake ni ba sai da ta ƙara cewa, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Tun daga Argungu har Birnin Kebbi fuskata na cikin hijabi, matar da ke kusa da ni a mota har ta tambaye ni ko rasuwa aka yi min.

Na gaya wa yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikacin gwamnati ne a nan. Faɗa ya rufe ni da shi, wai wace irin rantsuwa ce ta fi ran mutum, wai in ban faɗa ba shi zai hau mota ya je ya faɗa, na ce in ya je ba ni ba shi, don in magana ta fito daga bakin dangina cin fuska za a ɗauke ta, a ce mun zo koya musu yadda ake son ɗa. Muka rabu ba daɗi, har yau ba mu gaisa sosai ba. Na tambayi malamin Islamiyyarmu ba tare da na ambaci suna ba, ya ce rantsuwar da za ta jawo halaka ana karya ta a yi kaffara. Na ji wannan, na kuma yarda. Amma ba kaffarar ce ke hana ni barci ba.

Abin da nake tsoro shi ne Baba da kansa. Dattijo ne mai kirki, bai taɓa ɗaga min murya ba, amma ban taɓa jin ya janye maganar da ya yi a gaban mutane ba. In na zazzage masa komai, na nuna masa hoton, ya kalla ya ce shi ya ga wanda ya fi wannan, yaro ya yi haƙuri ya cika wa'adi, to shi ke nan na rufe ƙofar da hannuna, don na san mijina, ko an shimfiɗa masa tsani har ƙasa ba zai sauka a kan maganar ubansa ba. Yanzu aƙalla Baba bai ce komai a kan ciwon ba tunda bai san girmansa ba. In kuma Allah ya sa ya tausaya ya kira ejan, to maigidana zai sauko ya tarar duk bakin gulbi an san an je an ɗauko shi, kuma matarsa ce ta tona, ban san da wane ido zai ƙara kallona ba, ban ma san ko auren zai kai labari ba. Ga Inna, wadda nake tsoron labarin ya kayar da ita. Na yi tunanin in sa wani ya kira ejan ya ce shi ne Baba, sai na tuna in suka gano ƙarya ce sun samu hujjar da za su kore mu gaba ɗaya. Kowace hanya na bi a raina sai in tarar da bango.

Jiya da hantsi ina cikin aji saƙonsa ya shigo, alamar sun fara matsowa kusa da ƙasa ke nan. Na fita bayan aji na saurara. Muryarsa a hankali take fita, yana magana yana hutawa, wai in gaishe da yara, in gaishe da su Baba in ce aiki na tafiya daidai. Kafin saƙon ya yanke na ji ya ce wa wani da Turanci ya ɗan matso masa da wayar kusa da baki. Wato yanzu ko wayar ba shi ke riƙewa ba. Kuku ya ce gyaran ba zai wuce 'yan kwanaki ba, daga nan su juya.

Ni dai ban damu a ce ruwa ya koro shi ba, su faɗa har su gaji. Ko da hannu ɗaya ne ina son a dawo min da shi, ko da kuwa zai dawo ya ƙi yi min magana. Amma ina tsoron in buɗe baki in zama ni ce na ja masa kalmar da za ta hana shi sauka. Don Allah iyayena da yayyena na gidan nan, musamman waɗanda suka san halin dattawanmu na bakin gulbi, da duk wanda nasa ya taɓa aikin jirgin teku, ku faɗa min. Jibi zan koma Argungu. In na durƙusa a gaban Baba, in nuna masa hoton ko kada in nuna? In kuma ya kalla ya ce a bar shi ya cika wa'adi, wa ya rage min in je wurinsa?